KIWON TANA DON GYARAN ƘASAR LAMBU A BAKIN HAMADA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe lambu a ƙasashenmu na bakin hamada ya san abu biyu ne ke cin ƙarfinsa, watau ruwa da taki. Mutum zai yi ban ruwa da sassafe, amma kafin azahar komi ya bushe ƙayau kamar ba a taɓa jiƙa shi ba. Zai sayo takin zamani da tsadarsa ya barbaɗa, ruwa ya wanke shi ya yi ƙasa da shi can inda saiwa ba ta kaiwa. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan zafin rana da ƙarancin ruwan sama. Lalle suna da nasu laifin, amma ni a ganina babban ciwon yana jikin ƙasar ita kanta.

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wata 'yar halitta da muka raina, wadda ba mu tuna ta sai za mu kamun kifi, watau tana. Abin da zan kawo na tsinto shi ne daga darussanmu na ilmin aikin gona, da kuma aikin da muke yi a lambun makaranta. Maganar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce: a ƙasashe masu danshi tana takan yi wa manomi aiki a gonarsa ba tare da ya kula da ita ba, amma a ƙasa irin tamu sai an mai da ita dabbar gida, an yi mata ɗaki, an ci da ita an shayar da ita, sa'an nan a kwashi takinta a kai wa shuka.

Ciwon ƙasar jigawa

Masana labarin ƙasa suna kiran wuri hamada idan ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 250 ba. Birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar yana cikin wannan sahu, ga shi kuwa a duwatsun Azbin, a garuruwa irin su Timiya da Tabelot, mutane suna noma albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da lemo da ruwan rijiya. Garuruwan da ke kudu da nan, kamar Nguru da Gashuwa da Damagaram, sun fi Agadas samun ruwa, amma su ma sukan yi wata takwas ko fiye ba ɗigon ruwan sama. Bugu da ƙari, ruwan da rana da iska za su iya ƙafarwa a shekara a wannan yanki ya haura milimita 2,000, watau ya ninka wanda sama ke zubarwa sau da yawa.

To, ita ƙasar fa? In ka ɗebi ƙasar jigawa ka auna, sau da yawa za ka tarar kashi 9 cikin 10 rairayi ne zalla. Rairayi kuwa tamkar rariya yake, ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe abincin shuka. Abin da ke ba ƙasa ƙarfin riƙe waɗannan abubuwa shi ne laka, da kuma ruɓin ganye da kara da kashin dabbobi wanda ya daɗe har ya zama baƙi ya gauraya da ƙasa. Wannan ruɓi shi ne ran ƙasa. A yawancin jigayinmu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Dalilan ƙarancinsa a fili suke. Zafi yana sa ɗan abin da ya faɗi ƙasa ya ruɓe ya ƙare da wuri. Mu kuma da kaka mukan kwashe kara don danni da girki, mu ɗaure harawa don dabbobi, abin da ya rage kuma a share a ƙone da bazara. Kullum ana ɗiba, ba a mayarwa. Bayan farin da aka sha daga 1968 zuwa 1974, da kuma na 1984, filaye da yawa sun zama faƙo, ko ciyawa ba sa fitarwa. Saboda haka wanda ke son gyara lambunsa, aikinsa na farko shi ne mayar wa ƙasa ruɓin da ta rasa.

Wace ce tana?

Tana ba ta da ido, ba ta da haƙori, ba ta kuma da huhu. Da fatarta take numfashi, shi ya sa dole fatar ta zauna da danshi kullum. Da zarar ta bushe, numfashi ya yanke. Ko da yake ba ta gani, jikinta yana jin haske, kuma gudunsa take yi. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da kashin dabbobi da ƙananan halittun da ke cikinsu waɗanda ido ba ya gani. In ta haɗiye abinci, akwai wani ƙundu a cikinta irin na kaza, wanda ke niƙa shi tare da ƙwayoyin yashi. Abin da ya fito ta ɗaya gefen shi ne kashin tana, baƙi, mai laushi, mai ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa.

Wannan kashi ya fi abin da ta ci amfani ga shuka, domin an riga an niƙe shi, kuma sinadaran da ke ciki, irin su naitirojin da fosfaras da fotashiyam, sun koma yadda saiwa za ta iya sha nan take. Har ila yau yauƙin cikin tana yana ɗaure shi ya zama 'yan dunƙule-dunƙule masu tsotse ruwa kamar soso. Ba ya ƙona shuka yadda ɗanyen taki ke yi.

Wani abin mamaki kuma shi ne kowace tana guda namiji ce kuma mace ce. Duk da haka sai biyu sun haɗu, sa'an nan kowace ta ajiye wata 'yar jaka wadda ba ta fi ƙwayar dawa ko ta shinkafa girma ba, a cikinta ƙwai suke. Bayan mako 2 zuwa 3 sai 'ya'ya su fito, kafin wata 2 kuma su ma sun isa haihuwa. Masu iya magana sun ce raina kama ka ga gayya. Shahararren masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya yi shekara wajen 40 yana lura da tana, ya kuma wallafa littafi guda a kanta a 1881. A lissafinsa, a wurare da yawa na Ingila ƙasar da ke bi ta cikin tana a kowace eka ta fi tan 10 a shekara.

Abin da ya hana ta zama a gonakinmu

Mai karatu zai ce, to me zai hana mu kamo ta mu zuba a gona mu huta? Amsa ita ce Ingila ƙasar ruwa ce da sanyi, tamu kuwa ta rana ce. Irin tanar da ake kiwo ta fi jin daɗi idan zafin wurin zamanta yana tsakanin digiri 20 da 30 a ma'aunin santigired. In ya haura 35 sai ta fara mutuwa. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin iska a garuruwanmu yakan wuce digiri 40, saman rairayin da ke rana kuma yakan wuce 50, kamar yadda tafin ƙafar duk wanda ya taɓa fita ba takalmi da tsakar rana zai ba da shaida. Ban da zafi, wurin kwananta yana bukatar danshi na kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Zuba tana a gonar jigawa da rani daidai yake da zuba kifi a tudu.

Shi ya sa muke ganinta da damina kawai, a fadama, ko gindin juji, ko inda ruwan wanka ke gangarawa. In rani ya shigo, wadda ta iya takan nitsa ƙasa ta naɗe ta kwanta, sauran kuma su mutu su bar ƙwai. Tun da ba za mu iya sanyaya gona gaba ɗaya ba, dabara ita ce mu sanyaya ɗan wuri kaɗan wanda ƙarfinmu zai iya.

Irin da ya dace da kiwo

Ba kowace tana ce ke kiwuwa ba. Akwai mai zama can cikin ƙasa, fara-fara, wadda ƙasa take ci. Wannan in an sa ta a ramin taki ba ta yin komai sai neman hanyar gudu. Wadda ake nema ita ce mai zama sama-sama cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu. Ana gane ta da jan baya ko shuɗi-shuɗi mai ƙyalli, da saurin motsi in an taɓa ta.

Iri biyu ne suka fi shahara a duniya. Na farko 'yar ja ce wadda masana ke kira Eisenia fetida, asalinta ƙasashen Turai. Tana jure sanyi ƙwarai, ga ta da saurin haihuwa. Na biyu ita ce Eudrilus eugeniae, wadda ta fi ta farko girma da ci, asalinta kuwa nan Afirka ta Yamma, a yankuna masu danshi. An kai ta ƙasashe da yawa, har manoman Indiya suna yin taki da ita suna sayarwa. Ta fi son ɗumi, amma ba ta jure sanyi, in ya yi ƙasa da digiri 15 sai ta rage ci da haihuwa. Ni dai ita na fi ba shawara a nema, tun da 'yar gida ce.

Wanda bai sami mai kiwo ya saya a wurinsa ba, yana iya yin tarko da damina. A sami inuwa mai danshi inda ake ganin kashin tana a ƙasa, a shimfiɗa tsohon kashin shanu jiƙaƙƙe, a rufe da buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 ko mako 2 a ɗaga buhun, a tsince waɗanda suka hau cikin kashin. Waɗanda suka hau da kansu su ne masu cin taki.

Yadda ake gina mata ɗaki

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. A nemi inuwa mai kauri, kamar gindin mangwaro ko darbejiya, ko kuwa a kafa rumfar zana. In akwai katanga, a zaɓi gefenta na gabas, domin ta tare ranar yamma wadda ta fi kowace zafi. Kada a yi amfani da garwa ko durom na ƙarfe ko baƙar roba, domin ɗaukar zafi suke yi.

Mu a lambunmu rami muke amfani da shi, saboda cikin ƙasa, in akwai inuwa da danshi, ya fi sarari sanyi da rana, ya kuma fi shi ɗumi da dare. Ga yadda ake yi:

1. A haƙa rami mai faɗin mita 1, tsawon mita 2, zurfin rabin mita. Faɗin kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba.

2. A jera bulo ko tubali a bangon ramin, a ɗaga bakinsa sama da ƙasa kamar taƙi guda, don kada ruwan damina ya kwararo ciki.

3. A zuba tsakuwa ko fasassun kasko a ƙasa, a bi da yashi kaɗan, don ruwan da ya yi yawa ya sami wurin tsiyayewa.

4. A shimfiɗa mata katifa mai kaurin santimita 15, ta busasshen ganye da ƙaiƙayi da sassaren kara da yagaggun kwalaye, waɗanda aka jiƙa suka kwana.

5. A ɗora tsohon kashin shanu ko na awaki mai kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa, a bar shi kwana 2 ko 3. In an cusa hannu ba a ji zafi ba, sai a saki tanar a sama, ita za ta shige da kanta.

6. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ɗora ciyawa, sa'an nan a sa murfin raga ko asabari.

Wanda ba shi da fili yana iya yin amfani da tsohuwar randa ko babbar tukunyar ƙasa wadda aka huda gindinta. Dukanmu mun san abin da ke sa ruwan randa sanyi: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa, yana tafiya da zafi. Da wannan hikima ce wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya hana tumatir lalacewa zai hana tana mutuwa. Kuma wannan dabara ta fi aiki a inda iska ta bushe, watau dai ƙasarmu.

Abinci da ruwa

Babban haɗarin da ke cikin ciyar da tana shi ne ɗanyen taki. In aka tara sabon kashin dabbobi da ɗanyen ganye wuri guda, tsibin yakan ɗau zafi har ya kai digiri 60 ko fiye, wanda zai dafa tana nan take. Saboda haka sai a tara shi a gefe, a jiƙa, a riƙa juyawa har mako 2 zuwa 3, ya huce tukuna. Wannan zafi ma yana da amfaninsa, domin yana kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. Haka kuma kada a bar kayan da ke cikin ramin su wuce kaurin santimita 30, kada a kuma rufe fuskar ramin duka da sabon abinci. A zuba a gefe guda, don in ya yi zafi ta sami wurin gudu.

Abubuwan da take so su ne tsohon kashin shanu da na tumaki da awaki da jakuna, ɓawon kankana da na kabewa da na ayaba, ragowar alayyafo da latas da kabeji, ganyen shayi da aka dafa, da ɓawon ƙwai da aka daka. Abubuwan da za a nisanta ta da su kuwa su ne gishiri da kanwa, mai da nama da ragowar miya, barkono, ɓawon lemo da albasa masu yawa, toka, da ruwan sabulu. Ɗanyen kashin kaji ma yana kashe ta saboda ƙarfinsa. Kashin dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki kwanan nan a bar shi ya daɗe kafin a kawo mata.

In komai ya yi daidai, tana kan ci kimanin rabin nauyinta a yini. Watau kilo 1 na tana zai ci wajen rabin kilo na abinci kullum, kilo 15 ke nan a wata. Amma ba sai an auna ba. Doka ita ce kada a ƙara sai na da ya kusa ƙarewa. In rami ya fara wari ko ƙuda sun taru, abinci ya yi yawa ko ruwa ya yi yawa.

Game da ruwa, ga gwajin da ba ya bukatar kayan aiki. Ka damƙi kayan ramin ka matse. In ɗigo 1 ko 2 ya fito tsakanin yatsunka, daidai ne. In ruwa ya zubo, ya yi yawa, sai a ƙara busasshen ganye. In ya wargaje a hannu, ƙishirwa take ji. Tun da ruwa tsada gare shi a wurinmu, ba sai an ba ta na sha ba. Ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye sun isa, haka ma ƙasari in an sirka shi. Sai dai a kiyayi ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon gishiri ko kanwa, irin wanda ake samu a wasu wurare na ƙasar Manga.

Kowane lokaci da hatsarinsa

Bazara ita ce jarrabawar mai kiwon tana. A wannan lokaci a rage abinci, a ƙara kaurin ciyawar sama, a jiƙa buhu safe da yamma, a kuma yayyafa ruwa a ƙasan da ke kewaye da ramin. Da hunturu kuwa iska ce ke shanye danshi, dare kuma ya yi sanyi, saboda haka sai a kafa zana ta gefen arewa da gabas inda iskar ke fitowa, a ninka buhu da dare. Da damina abin tsoro shi ne ambaliya. A tabbata rumfa ba ta yoyo a kan ramin, domin in ruwa ya kwanta iska ba ta shiga.

Abokan gabanta su ma suna da yawa. Kaji da zabi za su iya tone aikin wata uku cikin safiya guda, ga ƙadangare da kwaɗo da gafiya. Murfin raga shi ne maganinsu. Tururuwa da gara kuwa bushewa ce ke gayyato su, in rami yana da danshi sosai ba su cika zama ba. Ana iya zagaye ramin da toka ta waje, mai tukunya kuma ya ɗora ta a kan duwatsu cikin kaskon ruwa. Kada a kuskura a fesa maganin ƙwari kusa da wurin.

Kwasar taki da yadda ake amfani da shi

Bayan wata 2 zuwa 3 za a ga kayan ramin sun zama baƙi, sun yi laushi, ba a gane ganye daga kashi. Hanya mafi sauƙi ta raba taki da masu yinsa ita ce a tura shi gefe guda, a zuba sabuwar katifa da abinci a ɗaya gefen, a daina jiƙa tsohon. Cikin mako 2 zuwa 3 yawancinsu za su ƙaura. Mai gaggawa kuma yana iya zuba takin a tabarma cikin inuwa mai haske, ya yi 'yan tsibi-tsibi. Tanar za ta gudu ƙasa, shi kuma ya riƙa yaye sama kaɗan-kaɗan. Daga nan a tankaɗe da rariya mai manyan ido, a mai da ƙwai da ƙananan cikin rami. A ajiye takin cikin buhu a inuwa da ɗan danshinsa.

Wajen amfani da shi akwai ƙa'ida guda wadda ta fi muhimmanci a ƙasarmu: kada a barbaɗa shi a sama a tafi. Rana za ta kashe ƙananan halittun da ke cikinsa, iska kuma ta kwashe shi. Binne shi ake yi. In za a dasa tumatir ko tattasai ko yalo, a sa cikin tafin hannu 1 ko 2 a ramin dashe, a gauraya da ƙasa. In wurin renon iri ne, a haɗa kashi 1 na takin tana da kashi 3 ko 4 na ƙasa. In komin latas ne ko albasa, a cuɗa shi da ƙasar sama mai zurfin yatsa. Bayan haka a rufe komin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. Abin da muka lura da shi a lambunmu shi ne komin da aka yi wa haka yana daɗewa da danshi fiye da maƙwabcinsa, kuma dashe ba ya yin yaushi sosai da tsakar rana.

Iyakar amfaninsa

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa wannan taki yana da iyaka ba. Mu yi ɗan lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da naitirojin kashi 46 cikin 100, watau kilo 23. Takin tana kuwa yawanci kashi 1 zuwa 2 ne. In muka ɗauki ɗaya da rabi, sai an tara wajen kilo 1,500, watau buhu 30, kafin a sami naitirojin na buhun yuriya guda. To, amma yuriya abinci kawai take bayarwa, ba ta gyara rariyar da abincin ke zurarewa ta ciki. Takin tana shi ke toshe rariyar. Saboda haka wurinsa shi ne lambu da wurin renon iri da gindin 'ya'yan itatuwa, inda kaɗan ke yin aiki mai yawa.

Babbar gonar gero kuwa tana da tata ma'aikaciya, ita ce gara. A ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, wani manomi mai suna Yakubu Sawadogo ya farfaɗo da tsohuwar dabarar da ake kira zai tun wajen 1980. Da rani ake haƙa 'yan ramuka a faƙo, a zuba taki cikin tafin hannu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, in ruwa ya sauka sai ya taru a ramin ya bi hanyoyin ya nitse. Da haka ya mai da faƙo daji, ya sami lambar yabo ta duniya a 2018, ya rasu a 2023. Daga 1989 manoman Illela ta Jihar Tawa a Nijar suka ɗauki wannan dabara, suna kiranta tassa. Kakanninmu ma ba su jahilci wannan ilmi ba. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai takin birni gona da mangala a kan jakuna, suna barin gawo a gona, suna kuma gayyatar makiyaya su kwana da shanunsu a fili bayan girbi.

A wasu ƙasashe ma an ga abin da ruɓi ke iya yi. A Masar, Dokta Ibrahim Abul-Aish ya kama fili mai hekta 70 a cikin hamada, arewa maso gabas da Alƙahira, a 1977, ya raya shi da takin gargajiya da itatuwa har ya zama gonar Sekem da ta yi suna a duniya. A Kyuba kuma, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 takin zamani ya yanke musu, kiwon tana yana cikin abubuwan da suka riƙe lambunan biranensu.

Kammalawa

A taƙaice, ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa saboda ta rasa ruɓi, tana kuwa tana iya mai da shara da kashin dabbobi su zama ruɓi mafi kyau cikin wata 3, muddin an tsare ta daga zafin da ya wuce digiri 35, da bushewa, da gishiri, da kaji. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kulawa yake bukata kullum, kamar kiwon kowace dabba.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na makarantun kwana inda ɗakin girki ke zubar da ɓawo da ganye kowace rana, da mu gwada wannan aiki. A fara da tukunya guda a ƙarshen damina, lokacin da tana ke samuwa kuma zafi ya fara sauka, don ta yi ƙarfi kafin bazara. In takin ya samu, a ware komi biyu masu girma ɗaya, a sa wa ɗaya a bar ɗaya, a ba su ruwa daidai, a riƙa rubuta abin da aka gani a littafi har ranar girbi. Gani ya kori ji. In mun koma gida hutu, sakamakon nan shi za mu nuna wa iyayenmu masu lambu, su kuma su auna da idonsu.